Kasuwar Zuciyar Salima

Ranar da aka fara ganin zuciyar Salima, bazara ce, zafi kamar ya narka kwanon asibitin. Yarinyar tana kwance a kan gado ta gefen hagu, uwarta Hannatu na tsaye da goyon ƙaramar 'yarta Nafisa. A bakin ƙofa kuma ga Sodangi, wan marigayi mijin Hannatu, wanda suke zaune a gidansa a Kaura Namoda tun lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na gefen Galadi.

Wasu likitoci ne suka zo daga Gusau da na'urar hoton zuciya, suna duba mutane kyauta. Wadda ta duba Salima mace ce, ana ce mata Likita Asiya. Ta matsa wani mai mai sanyi a ƙirjin yarinyar, ta ɗora wani ɗan abu mai igiya tana murza shi a hankali tsakanin haƙarƙarinta. Sai ga wani abu toka-toka a fuskar na'urar, yana buɗewa yana rufewa.

"Maman Salima, matso ki gani," in ji likitar. "Ba yanka, ba allura. Sauti na'urar ke aikawa cikin ƙirji, ya dawo mata da hoto. Wannan da ke motsi ita ce zuciyarta."

Hannatu ta matsa. Shekara tara tana tare da yarinyar, ba ta taɓa zaton za ta ga cikinta da ido ba. Likitar ta danna wani wuri, ja da shuɗi suka bayyana suna gauraya.

"Kin ga nan? Ƙofa ce da ya kamata ta rufe gam idan jini ya wuce. Tata ba ta rufuwa, jinin na komawa baya. Shi ya sa take haki, ƙafafunta ke kumbura. Tana yawan ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi?"

"Tun muna gida," in ji Hannatu.

"Daga nan ya samo asali. Amma ba a makara ba. Za ta riƙa shan ƙwayar da ke sa fitsari don ruwan jikinta ya ragu, da allura duk wata, kada a tsallake. Kafin damina ta faɗi ku kawo mini ita Gusau in sake hoton. Akwai masu aikin zuciya da ke zuwa su ɗauki yara irinta kyauta, amma sai da sabon hoto suke zaɓa."

Hannatu na ta gyaɗa kai tana haddace kalmomin. Ba ta lura da Sodangi ba sai da ta ji numfashinsa a kafaɗarta. Ya miƙa wayarsa saitin na'urar yana ɗaukar bidiyo.

"Likita, ɗan ƙara kunna jan nan," ya ce. "Don in gwada ma dangi."

A ranar Hannatu ta ji daɗinsa. Ta ce a ranta ashe jini ba ya ƙarya ga wanga bawan Allah, ya damu da ɗiyar ƙanensa.

Washegari da hantsi Sodangi ya sa aka shimfiɗa wa Salima tsohuwar tabarma a jikin bangon da ya fi kowanne zubewa a gidan. Ya sa babban ɗansa ya riƙe waya, shi kuma ya durƙusa, ya kama rigar yarinyar ya ɗaga har wuya don a ga kumburin cikinta. Salima ta kai hannu za ta ja rigar, ya buge hannun. Ya fara magana, muryarsa na rawa. Marainiya ce, an kashe ubanta a gona, likitoci sun ce sai an yi mata aiki, shi kuwa talaka ne mai iyali. Har hawaye ya yi. Da yaron ya ce hoton bai fito da kyau ba, ya share fuska ya sake daga farko, hawayen suka sake zuwa daidai inda suka zo ɗazu.

Aka haɗa wannan da hoton zuciyar mai ja da shuɗi, aka rubuta lambar asusunsa a ƙasa, aka saki.

Da farko ya sayi maganin, ya kai ta aka yi allurar. Kuma maganin ya yi aiki. Ƙafafun Salima suka saɓe, cikin ya ragu, ta fara kwanciya ba sai an jingina ta da buhu ba. Ta koma zama a gindin turmi tana yi wa Nafisa kitson da ba ya kwana, tana rera karatun Islamiyyarsu ta ƙauye. Wata rana har ta ɗauki tsintsiya ta share ƙofar ɗakinsu, Hannatu ta juya baya ta yi kuka ba tare da kowa ya gani ba.

Da la'asar ɗin wata Laraba Rekiya, matar Sodangi, ta leƙo ɗakin.

"Hannatu, maigida ya ce kar a ba yarinyar nan magani yau da gobe da jibi."

"Don mi, Yaya?"

"Baƙi za su zo ran Asabar. Wata ƙungiyar mata daga Gusau. Sun ga bidiyo."

Hannatu ta tsaya kallonta, ta kasa haɗa maganar biyu wuri ɗaya. Rekiya ta kau da ido.

"Ke ma dai kin san mutane. In sun iske ta tana shara, cewa za su yi ƙarya munka yi."

Hannatu ta yafa mayafi ta iske Sodangi a zaure yana cin gyaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce likita ta ce kada a tsallake.

"Allura ta ce kar a tsallake, ina wurin," in ji shi. "Ƙwaya kuwa hutun 'yan kwanaki ba ya kashe kowa. Ke kina ganin yau, ni ina ganin gobe. Aikin zuciya wasa ne? In ba a tara ba, da mi za a yi shi?"

"Ta ce kyauta ne, Yaya."

"Kyauta." Ya tofar da ɓawon gyaɗa. "Kin taɓa ganin an tsaga ƙirjin mutum kyauta? Ɗiyan talakawa suke koyon hannu da su. Ni ba zan miƙa ɗiyar ƙanena a yi gwaji da ita ba. Wurin masu kuɗi za a yi mata, inda ake yi ma ɗiyan manya."

Ta tashi ta koma ɗaki. A gidansa take ci, a gidansa take kwana, ba ta da ko akuya a duniya. Ta ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin katifa, ba ta ba yarinyar ba. Ran Asabar Salima ta tashi fuska a kumbure, idanu kamar an hura. Matan suka zo da manyan mayafai da ƙamshin turare, suka zagaye tabarmar. Sodangi ya ɗaga rigar. Ɗaya daga cikinsu ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ta rufe baki tana salati. Suka bar buhunan shinkafa da katan na madara, da wata ambulan da ta shige aljihun Sodangi kafin su kai mota.

Da suka tafi Hannatu ta shiga bayan gida ta yi amai. Ba abin da ta ci. Kanta take ƙyama.

Daga nan abin ya zama sana'a. Yau wakilan wani mai neman kujera, jibi 'yan wata ƙungiyar matasa, wani makon masu ɗaukar bidiyo su sa a shafukansu. Kowane zuwa, sai an riga shi da hana magani. Hannatu ta fara ba ta a ɓoye, ta gutsura rabi ta sa mata cikin kunu. Rekiya ta lura yarinyar na yawan fita fitsari, ta kai rahoto. Sodangi ya shigo da kansa, ya ɗaga katifa, ya kwashe maganin.

"Daga yau ni zan riƙa badawa. Ke ba ki yi boko ba, kar ki zarce mata da shi."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Manoma suka fara gyaran gona, waɗanda ke iya zuwa gonar. Hannatu ta tuna masa maganar Gusau.

"Kina jin labarin hanya kuwa? Shekaranjiya anka tare mota anka kwashe mutane. So kike in kai ku a ɗauke?"

Gaskiya ne ana tare hanya. Amma a makon nan sau biyu ya je Gusau ya dawo, da wayarsa a aljihu. Hoton zuciyar Salima ya shiga gidajen manya, ya shiga ofisoshi, an kalle shi a ɗakuna masu sanyi. Mai zuciyar kuwa tana ɗakin ƙasa, jingine da buhu, tana jan numfashi kamar mai hawan dutse.

Ruwan farko ya sauka a kan sabon kwano. An rufe ɗakin Sodangi da na Rekiya da zaure, ɗakin su Hannatu ne kawai aka bari da tsohon rufinsa, don a nan ake kawo masu dubiya.

"Gidan da mara lahiya za ta yi jinya bayan aiki, ai dole a gyara shi," ya ce da maƙwabta.

Sai ga sabon babur, ja, da ledarsa ba a ɓare ba.

"Don ita na saye shi. In ta rikice, da mi za a kai ta asibiti?"

Babur ɗin bai taɓa ɗaukar Salima ba. Watan ya wuce ba a yi allura ba, ya ce mai kemis ya yi tafiya. Wani watan ya ce an ce allurar jabu ta cika gari, gara a jira mai kyau. Rekiya kuwa, duk lokacin da Hannatu ta yi mata kuka, maganarta ɗaya ce.

"Ki gode ma Allah. Wasu 'yan gudun hijira a makarantar firamare suke kwana. Ke an ba ki ɗaki. Kuma abin da anka samu ai kuna ci, shinkafar da kinka ci jiya daga ina ta hito?"

Tun daga ranar shinkafar ta daina wuce wa Hannatu a maƙogwaro. Ta koma jiƙa gari.

Salima ta daina kitso, ta daina karatu. Yaran unguwa na leƙowa ta katanga suna nuna ta, suna cewa ga ta cikin waya. Wata safiya da ta ji ƙarar mota a ƙofar gida, ta kama zanin uwarta.

"Inna."

"Na'am."

"Ki ce ma Baba ya bar ɗaga min riga. Na yarda a hana ni maganin. Rigar kawai."

 Salima 'yar fari ce, Hannatu ko sunanta ba ta kira, ba ta saba rungumarta a gaban mutane ba. Ta dai sa hannu ta gyara mata wuyan rigar. Sodangi ya yi sallama ya shigo da baƙi, ya durƙusa, ya ɗaga.

Ana cikin yankan gero Kubura ta zo. Yayar Hannatu ce, tana zaune a Shinkafi tare da sauran mutanen ƙauyensu, a wani kangon da ba a gama ginawa ba. Ta shigo da fara'a da ƙullin kuka da daddawa.

"Ina 'yar tawa? An yi aikin ko da saura? Mu dai mun yi namu. Ranar kasuwa munka haɗa, kowace ta kawo abin da ta samu. Tsohuwa Amina tiyar geronta ta saida, ita da ba ta da kowa. Munka ba wani yaro ya tura ta lambar da ke jikin..."

Maganar ta tsaya. Ta ga Salima a jingine, leɓunanta sun yi duhu, jijiyar wuyanta na bugawa ana gani daga bakin ƙofa. Kubura ta ajiye ƙullin. Ta dubi ƙanwarta, ta leƙa waje ta dubi kwanon da ke ƙyalli da babur ɗin da ke ƙarƙashin rumfa. Ta juyo ga Hannatu.

"Ɗauko mayafinki."

"Yaya Sodangi ba ya nan. Bai ba da izini ba."

"Mijinki ne? Ɗauko mayafinki, Hannatu."

Rekiya ta tare su a tsakar gida tana cewa gobe akwai baƙi. Kubura, da yarinyar a bayanta, ta raɓa ta ta wuce kamar ba mutum a wurin.

Hanyar Gusau lafiya lau suka bi ta. Likita Asiya ta gane su. Ta sa aka kwantar da Salima, amma yarinyar ba ta iya kwanciya, sai da aka tada kan gadon. Man nan mai sanyi, ɗan abin nan mai igiya. Hannatu ta matsa ba tare da an kira ta ba. Ko ita da ba ta san komai ba ta ga bambanci. Abin da ke motsi da kuzari a bazara yanzu ya cika fuskar na'urar, ya yi faɗi kamar salkar da ta sha ruwa, yana motsi da ƙyar.

Likitar ta daɗe tana aunawa, tana komawa tana sake aunawa. Sannan ta goge ƙirjin yarinyar, ta sauke mata rigarta da kanta, ta ja Hannatu waje.

"Maman Salima, ina kuka tsaya? Masu aikin sun zo sun tafi. Na sa sunanta, na yi ta kiran lambar da baban ya ba ni. Ya ce mini kun kai ta wani wuri an yi."



"To yanzu a yi, Likita," in ji Hannatu.

"Zuciyar ta buɗe da yawa, ta gaji. Huhun ma ya taɓu. Ko sun dawo gobe, ba za ta iya ɗaukar aikin ba. Tana shan maganin kuwa?"

"Ranar da babu baƙi," in ji Hannatu.

Likitar ta dube ta ba ta gane ba. Kubura ce ta yi mata bayani. Da ta gama, likitar ta koma ciki ta sa aka ba su gado.

Sodangi ya iso washegari da ledar lemo. Ya tsaya a kan gadon, ya ga robar iska a hancin yarinyar da ƙarin ruwa a hannunta, idonsa ya yi haske irin wanda Hannatu ta riga ta sani. Hannunsa ya tafi aljihu. Ta tashi ta tsaya tsakaninsa da gadon. Ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba, kullum a durƙushe take yi masa magana.

"Hannatu, kauce. Yanzu ne ake buƙatar taimako."

Ba ta kauce ba. Ya dubi matan da ke jinya a sauran gadajen, duk sun zuba masa ido. Ya mayar da wayar, ya ce zai je ya yi salla.

Salima ta rasu da hantsin wata Juma'a, kanta a cinyar uwarta, rigarta a rufe. Aka kai ta Kaura aka yi mata sutura daga gidan Sodangi, don shi ne uba.

Ranar sadakar uku gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune, ana ta shigowa da fita. Hannatu na ɗaki tare da Kubura, Nafisa na kan cinyarta tana tari, tarin mura da ya kama yaran gidan duka. Sodangi ya yi gyaran murya ya leƙo. Ya yi mata gaisuwa, ya ce haƙuri, kwana ne ya ƙare, duk abin da ɗan Adam zai yi an yi. Sai ya tsaya yana sauraron tarin.

"Tun yaushe wagga take wanga tari?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Kin san an ce abin shina bin jini. Kar mu yi sake kamar na farko. In an share makoki zan kai ta Gusau a yi mata hoton ita ma. Ko ba a ga komai ba, hankali ya kwanta. In kuma an gani..." Ya shafa gemu. "To mutane sun riga sun san gidan."

  Hannatu ta miƙe, ta saɓa Nafisa a baya ta ɗaure da kyau. Ta ɗauki ledar kayansu, ba su da yawa. Shinkafa da madarar da ke kusurwar ɗaki ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ina za ki ana cikin makoki?"

"Shinkahi."

"Kango za ki kai min ɗiya? Inda ko ƙofa babu?"

Ta wuce shi, Kubura na bayanta. Ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta fito inda mazan ke zaune. Mace ba ta tsayawa a irin wurin nan, amma ta tsaya. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da aka yi shiru aka ji ta.

"Ni ce uwar yarinyar. Aikinta kyauta ne, shi ya hana. Maganinta yana aljihunshi, ranar da za ku zo dubiya yake hana ta sha don ta kumbura. Abin da kunka bayar, ga shi nan bisa kanku." Ta nuna kwanon zauren. "Wanda ya bayar don Allah, Allah ya gani. Amma kar wanda ya ƙara."

Ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wasu suka dubi kwanon, suka yi saurin sauke ido, don da yawansu sun ci tuwon shinkafa a zauren nan.

Sodangi ya fito yana girgiza kai, idanunsa sun kawo ruwa.

"Ku yi mata uzuri. Miji ya tahi, ɗiya ta tahi. Tun a asibiti kanta ya taɓu."

"Allah sarki," in ji wani. "Mata ba su da ƙarfin zuciya."

"Kai dai ka yi ƙoƙari, Malam Sodangi. Ba kowa ke riƙe maraya haka ba."

Hannatu ba ta juya ba. Ta kama hanyar tasha, tana jin ɗumin ƙirjin Nafisa a bayanta. Kafin su sha kwana Kubura ta waiga. Wani baƙo da ya sauko daga mota ya durƙusa gaban Sodangi yana yi masa ta'aziyya, ya dunƙula wani abu ya kai hannunsa. Sodangi ya share hawaye da hannun hagu, ya karɓa da na dama.